Yadda Sauron Garki Ya Gyara wa Masana Lissafi

A 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka zaɓi gundumar Garki, wadda a lokacin take jihar Kano, yau kuma tana Jigawa, don a gwada ko feshi da magani za su iya kashe zazzaɓin cizon sauro a ƙasar Hausa. Ƙasar Garki irin ta Dutsi da Daura ce: jigawa, gajeriyar damina, dogon rani, ƙauyuka a warwatse cikin gonakin gero.

Warwatsuwar nan ta daɗe tana ɗaure wa masana kai. Lissafin farko kan yadda halitta ke sauyawa daga zuriya zuwa zuriya ya ɗauki al'umma kamar kunu a tukunya ɗaya, an dama, ko'ina ya haɗe. A 1931 Ba'amurke Sewall Wright ya raba al'umma gida-gida a cikin lissafinsa, a 1943 ya ƙara nuna cewa nisa kaɗai kan bambanta zuriya. Motoo Kimura na Japan ya zo da tsarin da kowane rukuni ke cuɗanya da maƙwabcinsa kawai. A takarda aka yi duk wannan.

A Garki kuwa ƙasa aka taka. Ma'aikata suka bi gida-gida suna ɗibar jini, suna kama sauro da dare suna ƙirgawa. Daga alƙaluman ƙauyuka irin su Sugungum, inda sauro ya yi katutu, da Rafin Marke, inda yake da sauƙi, Klaus Dietz da Louis Molineaux da abokin aikinsu suka fitar da lissafin yaɗuwar cutar a 1974. A daminar 1972 da ta 1973 aka fesa maganin propoxur a bangon ɗakunan ƙauyuka 164, wasu ƙauyukan aka haɗa musu da ƙwayoyi. Cutar ta ja baya sosai inda aka sha magani, amma ba ta yanke ba, kuma da aka daina ta dawo.

Me ya hana? An zaci kowane sauro, in ya sha jini, bango yake hawa ya huta. Ashe ba haka ba ne. Mario Coluzzi, masani daga Rum, da abokan aikinsa sun duba ƙwayoyin halittar sauron Najeriya tun daga kurmi har arewa, suka wallafa sakamakon a 1979. Sun ga wasu siffofin gado suna ƙaruwa gwargwadon bushewar ƙasa, kuma sauron da ke kwana a ɗaki ya bambanta da mai fita waje. Mai fita wajen bai cika taɓa bangon da aka fesa ba, shi ya tsira ya hayayyafa.

Jinin mutane ma ya ba da nasa labarin. Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya tarar kimanin kashi 24 cikin 100 na jariran Garki masu jinin AS ne, wato masu ɗauke da gadon sikila ba tare da ciwon ba, amma a cikin waɗanda suka haura shekara 5 adadin ya kai kashi 29, saboda zazzaɓi ya fi ɗauke masu AA, wato marasa gadon. Jarirai masu sikila, wato SS, wajen kashi 2 ne, kuma kaɗan ƙwarai ke kai girma a wancan zamani. Wannan kariya ta AS ita ce abin da Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka a 1954, sai ga shi a ƙofar gida, da tsadarsa a kan iyaye.

An rufe aikin a 1976, Molineaux da Gabriele Gramiccia suka tattara shi a littafi a 1980. Har yau masu lissafin maleriya a Turai da Amurka kan auna sabon tsarinsu da alƙaluman ƙauyukan Garki.