Tarihin Kyamarar da Masu Keke Ke Ɗaurawa a Ka

Wani mai sauraronmu daga Gatawa, cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Birni ta Jihar Sakkwato, ya aiko da takarda yana cewa ya ga wani hoton bidiyo a wayar ɗansa: mutum na gangarowa daga kan dutse bisa keke, hannuwansa duka biyu riƙe da kan keken, amma hoton na tafiya kamar da idonsa aka ɗauka. Shi ne yake tambaya, wa ya ɗauki hoton, yaushe aka fara wannan abu, kuma ko zai amfani mai kai kaya kasuwa a keke irinsa?

To Malam, mai keken ne ya ɗauki hoton da kansa, da wata 'yar kyamara wadda girmanta bai wuce kwalin ashana biyu ba, ɗaure a hular kwanonsa ko a ƙirji.

Da farko dai abin ba ƙarami ba ne. A shekarar 1987 wani Ba'amurke mai shirya finafinai, Mark Schulze, ya ɗaura kyamarar bidiyo a jikin hular kwano ta masu babur, ya ja waya daga nan zuwa akwatin bidiyo mai kaset da aka goya a baya cikin jaka. Wato mai keken ya zama jakin kaya ke nan! Da haka ya ɗauki hotunan wani fim na hawan keke a duwatsu da ya fito a 1988.

Wanda ya mayar da abin hajar kasuwa kuwa shi ne Nick Woodman, shi ma Ba'amurke. A 2002 ya je Ostareliya da Indunusiya wasan hawan igiyar ruwan teku a kan allo, ya rasa yadda zai ɗauki hoton kansa. Da ya koma gida sai ya kafa kamfanin GoPro. 'Yan kasuwa za su so jin wannan: wani ɓangare na jarinsa daga tallar ɗamarar wuri ya fito, wadda ya saro a tsibirin Bali yana sayarwa daga cikin motarsa. Kyamararsa ta farko ta shiga kasuwa a 2004, ana ɗaura ta a wuyan hannu, kuma fim take ci irin wanda ake wankewa. Ta 2006 ta iya ɗaukar bidiyo, amma na daƙiƙa 10 kacal. A 2014 aka fara barin masu tseren keke na ƙasar Faransa su maƙala irin waɗannan kyamarori a kekunansu, sannan a 2018 GoPro ya fito da samfurin da ke gyara girgizar hoto sosai da kansa.

Wannan magana ta girgiza ita ce za ka fi dubawa in za ka saya. Hanyoyinku na tsakanin Gatawa da Sabon Birni da Isa ba irin titin Faransa ba ne. Kyamara mai araha in aka ɗaure ta a kan keke, yashi da gargada za su sa hoton ya yi ta rawa har mai kallo ya ji jiri. A ƙirji ta fi zama daram. Batirinta kuma awa ɗaya zuwa biyu yake yi, ka ga sai da kuɗin caji ko sola. Ga katin memori, ga ƙurar hunturu da ke rufe gilashi. Jabu kuwa ta cika kasuwa, don haka a kunna maka ita ka gani da idonka kafin ka miƙa kuɗi.

A Birtaniya masu keke na kai wa 'yan sanda irin wannan hoto a matsayin shaida idan direba ya matse su. Amma a ganinmu, Malam, lissafinka daban ne. Kai ka fi mu sanin abin da 'yan bindiga suka yi wa yankinku, har aka rufe layukan waya a Sabon Birni da Isa a watan Satumba na 2021. Mutumin da aka tare a daji da kyamara a goshi, ana iya ɗaukarsa ɗan leƙen asiri, kuma jami'an tsaro ma ba sa son a ɗauki shingensu. In don nuna wa mai saye albasarka ko wakenka ne, wayar ɗanka ta isa.