Fairuz: Dutsen Nasara da Tarihin Mahaƙansa

Duk mai nazarin rubutattun waƙoƙin Hausa na wa'azi ya saba da sunayen duwatsun alfarma irin su yaƙutu da murjani da lu'ulu'u da zubarjadi, waɗanda malamanmu suka aro daga Larabci don siffanta ni'imomin Aljanna. Akwai kuma wani dutse da bai sami irin wannan gurbi a adabinmu ba, sai a yatsun alhazai, bisa zoben azurfa da aka sayo tsaraba daga Makka ko Madina. Wannan shi ne fairuz, mai launin shuɗi da sirkin kore. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin abin da mutane suka jingina masa, da kuma abin da ya bari a tarihi.

Asalin sunan daga Farisanci yake, inda kalmar ke nufin nasara. Tun da daɗewa ma'adinan Naisabur da ke Khurasan, a Iran ta yau, suka shahara da mafi kyawunsa. Malam Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a shekarar 973 Miladiyya, ya yi bayaninsa a littafinsa Kitabul Jamahir fi Ma'arifatil Jawahir. Mutanen wancan zamani sun ɗauka cewa fairuz na kawo galaba kan abokan gaba, yana kare mai shi daga kambun baka, yana kuma tsare mahayi daga raunin faɗowa daga kan doki. Masu magani kan niƙa shi su zuba cikin kwalli don ciwon ido. Har ila yau an yi imani cewa idan mai zoben ya kamu da cuta, dutsen kan dusashe.

Dusashewar gaskiya ce, amma dalilinta daban ne. Fairuz dutse ne mai ƙananan kafofi da ido ba ya gani, saboda haka yakan tsotsi gumi da mai da turare, sannu a hankali shuɗinsa ya koma kore. Jan ƙarfen da ke cikinsa shi ke ba shi launin shuɗi. Ilimin likitanci bai tabbatar masa da wata waraka ba. Bugu da ƙari, da yawa daga abin da ake sayarwa da sunansa farin dutse ne da aka rina, ko kuma roba.

Masar ma ta daɗe da saninsa. Fiye da shekara 4,500 da suka wuce Fir'aunoni na tura ayari zuwa hamadar Sina'i don haƙo shi, daga baya suka gina ɗakin bauta a Sarabiɗul Khadim ga gunkiyarsu Hathor, wadda suke wa kirari da uwargijiyar fairuz. A nan ne, a shekarar 1905, wani Baturen Ingila mai suna Flinders Petrie ya tarar da wasu zane-zane a jikin duwatsu da ramukan haƙa, waɗanda suka bambanta da rubutun Fir'aunoni. A shekarar 1916 Alan Gardiner ya nuna cewa haruffa ne na wani harshe ɗan'uwan Larabci, wato harshen Kan'aniyawan da suka yi aiki a wurin. Hoton kan sa ya tsaya a matsayin alif, hoton gida kuma a matsayin ba. Galibin masana na ganin wannan rubutu yana cikin mafi daɗewar haruffa a duniya, kuma daga zuriyarsa haruffan Larabci da na Romawa suka fito. Ke nan ajami da boko, waɗanda Bahaushe ke rubutu da su, sun haɗa kaka a bakin ramin fairuz. An je neman dutsen tsari, an dawo da abin da ya fi shi daraja, kuma daga hannun 'yan ƙwadago ya fito.

Ƙasar Hausa ba ta cikin wuraren da aka sani da haƙar fairuz, amma mun san mahaƙan dutse. Mpape, da ke bayan Maitama a Abuja, ta ba da tsakuwa mai yawa wajen ginin babban birnin da gwamnati ta ƙaura zuwa cikinsa a shekarar 1991. Wani ramin da aka daina fasa dutse a cikinsa ya cika da ruwa mai launi irin na fairuz, har a shekarar 2020 ya zama wurin shaƙatawa da ɗaukar hoto. Kafin nan, a watan Satumba na 2018, mazauna unguwar sun kwana cikin fargaba saboda motsin ƙasa. Ƙurar dutse kuwa, likitoci sun daɗe da sanin yadda take lalata huhun mai shaƙar ta shekara da shekaru.

Wannan ita ce tabbatacciyar alaƙar dutse da lafiyar ɗan Adam, kuma a ƙirjin mai fasa shi take bayyana. Masu iya magana sun ce kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta. Haka kowane dutsen ado da gumin wani ya zo. Ya kamata marubutanmu, da suka gaji haruffa daga mahaƙan Sina'i, su yi amfani da su wajen adana labarin mahaƙan Mpape.