Daga Houston Zuwa Ƙofar Mata: Idan Tsohon Hannu Ya Shigo Ƙungiya

A watan Afrilun 2021, ana farkon azumi, labari ya iso Kankiya cewa Ahmed Musa ya koma Kano Pillars. Bayan an sha ruwa an yi asham, teburan masu shayi na bakin titin Kano zuwa Katsina ba su da wata hira sai wannan. Masu goyon bayan Sai Masu Gida suka ce kofi ya zo gida, tunda kyaftin ɗin Super Eagles da kansa ya sa rigarsu. 'Yan Katsina United, waɗanda ba a rasa su a kowane benci, suka ce ai wanda Turai ta sallama ne ya zo neman wurin motsa ƙafa. Wani dattijo da ya shigo daga Kusada, manomi ne da ya yi shekaru yana huɗa da shanu, ya saurare su har suka gaji, sannan ya ce shi abin da yake so ya sani shi ne da wa za a haɗa shi a karkiya. Ya ce gogaggen sa yana da tsada, amma in ya fi abokinsa tsawo ko sauri, kunya karkacewa take yi.

Aka yi dariya aka wuce. Ni dai maganar ta zauna mini, domin ita ce tambayar da ta raba nasara da asara a duk lokacin da ƙungiya mai neman kofi ta ɗauko tsohon hannu. Kuma wurin da aka fi ganin amsarta ƙarara shi ne ƙwallon kwando, inda mutum biyar kacal ke cikin fili daga kowane ɓangare. A ƙwallon ƙafa mutum ɗaya kan ɓuya cikin goma sha ɗaya. A kwando kuwa ba maɓuya, duk wanda aka shigo da shi sai ya ci rabon wani, a mintuna da kuma a yawan jifa.

Wasan ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa kamar yadda wasu ke zato. Kano Pillars tana da ƙungiyar kwando wadda ta sha ɗaukar kofin ƙasa, har ta zo ta uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka da aka yi a Alƙahira a 2016. Shi kansa Hakeem Olajuwon, ɗan Najeriyar da ya fi kowa suna a wannan wasa, a Sakkwato ya fara buga gasa. Haifaffen Legas ne, a 1963, kuma yana ɗalibi a kwalejin horar da malamai ta Musulmi da ke can aka kawo shi bikin wasannin makarantun malamai a Sakkwato a matsayin ɗan ƙwallon hannu. Ganin tsawonsa ya sa aka roƙa a ara wa 'yan kwando shi. Daga wannan aro ne ya wuce Jami'ar Houston a Amurka, inda ya haɗu da wani yaron garin mai suna Clyde Drexler. Tare suka kai wasan ƙarshe na gasar jami'o'i a 1983, aka doke su. Drexler ya tafi ƙungiyar Portland a shekarar, shi kuma Hakeem ƙungiyar Houston Rockets ta zaɓe shi na farko a 1984, gaban Michael Jordan da aka ɗauka na uku.

A 1994 Hakeem ya ɗauki kofin NBA, bayan wasa bakwai da New York. Tsarin da koci Rudy Tomjanovich ya gina mai sauƙin fahimta ne. A jefa wa Hakeem ƙwallo a gindin kwando. In mutum ɗaya ke tsaron sa, ya ci. In suka taru masa su biyu, ya miƙa wa wanda aka bari a waje ya yi jifan nesa mai maki uku. A gefensa akwai Otis Thorpe, ƙaƙƙarfan mutum wanda aikinsa shi ne cafke ƙwallon da ta ƙi shiga da kuma shan gwiwar hannu a madadin Hakeem.

Kakar da ta biyo baya sai abin ya fara tsami. Abokan hamayya sun gane cewa in aka toshe Hakeem, babu wani a Houston da zai iya ɗaukar ƙwallo shi kaɗai ya ratsa ya samo maki. Ranar 14 ga Fabrairun 1995, shi ma cikin azumi, wanda Hakeem yake yi ko da ranar wasa ce, Houston ta ba Portland Otis Thorpe ta karɓi Drexler da wani matashi Tracy Murray. Drexler yana da shekara 32, ya kai wasan ƙarshe sau biyu, a 1990 da 1992, bai ɗauki kofi ba.

Mutanen garin sun yi murna, ɗansu ya dawo. A ɗakin canza kaya kuwa ba kowa ya ji daɗi ba. An ba da mai aikin wahala an karɓo tauraro, kuma gurbin da tauraron yake bugawa akwai mai shi, wato Vernon Maxwell, wanda da shi aka ci kofin bara. Sakamako ma bai goyi bayan cinikin ba da farko. A wasanni 35 da suka rage, Houston ta ci 17 aka ci ta 18. Hakeem ya yi jinyar ƙarancin jini ya rasa wasu wasanni. Aka ƙare kaka da nasara 47 da rashin nasara 35, a matsayi na shida a shiyyar yamma, ma'ana duk zagayen da za su shiga abokin karawa ne zai fi su yawan wasa a gida. Maxwell da ya ga an mayar da shi ɗan benci, wasa ɗaya ya buga a zagayen farko ya bar ƙungiyar.

Daga nan ne aka fara ganin abin da aka saya. A zagayen farko Utah, mai nasara 60 a kakar, ta ci biyu cikin uku, saura ɗaya ta kore su. A wasa na huɗu Drexler ya ci maki 41, Hakeem ya ci 40. Suka je har gidan Utah suka ƙarasa ta. Phoenix ta ci uku cikin huɗu na farko, suka juyo suka ci uku a jere, Mario Elie ya yi jifan nesa daga lungu ana saura daƙiƙoƙi a wasa na bakwai. San Antonio, mai nasara 62, wadda David Robinson ɗinta ya karɓi kyautar gwarzon shekara, ta faɗi a wasa shida. A wasan ƙarshe suka gamu da Orlando ta Shaquille O'Neal, suka ci huɗu ba ko ɗaya, aka rufe gasa ranar 14 ga Yuni. Har yau babu ƙungiyar da ta taso daga matsayi na shida ta ɗauki kofin NBA sai ita.

Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne yadda aka yi gurbin Thorpe bai zama rami ba. Tomjanovich ya matsa da Robert Horry, dogo ne amma siriri mai jifan nesa, zuwa wurin da Thorpe yake tsayawa. Wanda ke tsaron Horry dole ya bi shi waje, sai gindin kwando ya zama fili ga Hakeem. Drexler kuma, ko da yake ɗan baya ne, gwani ne wajen tsinto ƙwallon da ta dawo, kuma da ya cafke sai ya zura da gudu kafin abokan hamayya su koma su shirya. Ya kawo abin da babu, ya kuma rage giɓin abin da aka bayar. Sannan akwai abin da ba a rubuta shi a takardar ciniki: mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya da rabi yana sarauta a Portland ya yarda cewa a Houston gidan na Hakeem ne. Sun san juna tun suna samari, ba sai an zauna an raba musu gado ba.

Houston ta ɗauka ta gano magani, sai ta ƙara. A Agustan 1996 ta ba Phoenix mutum huɗu, ciki har da Horry da Sam Cassell, matasan da suka ci kofi biyu da ita, ta karɓo Charles Barkley mai shekara 33. Barkley ba rago ba ne, kuma ƙungiyar ta ci wasa 57, ta kai wasan ƙarshe na yamma kafin John Stockton na Utah ya kore ta da jifan ƙarshe. Amma wurin da Barkley ya fi son karɓar ƙwallo, ya juya wa kwando baya yana turawa a hankali, kusan shi ne wurin Hakeem, kuma ƙafafun da ke gudu an ba da su. Drexler ya yi ritaya a 1998. Aka ɗauko Scottie Pippen a farkon 1999, mai kofi shida daga Chicago, ya zo ya tarar aikinsa shi ne ya miƙa ƙwallo ciki ya tsaya yana kallo. Los Angeles Lakers ta fitar da su a zagayen farko, Pippen da Barkley suka yi ta jifan juna da magana a gaban 'yan jarida, kafin sabuwar kaka an sallama shi zuwa Portland. Houston ba ta sake ɗaukar kofi ba har yau.

To, mu dawo Kano. Ahmed Musa da ya dawo a 2021 shekararsa 28, ba tsoho ba ne a shekaru, amma a gogewa babu kamarsa a gasar. A Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya karya tarihin 17 da Ishaya Jatau ya kafa a 1990. Daga nan sai Holan, sai CSKA Moscow ta Rasha, sai Leicester ta Ingila a 2016, sai Al-Nassr ta Saudiyya. Ya ɗauki kofin Afirka a 2013, ya zura wa Ajantina biyu a gasar duniya ta 2014, ya zura wa Iceland biyu a ta 2018. Ita kuma Pillars, mai kofin ƙasa huɗu, na 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta yi shekara bakwai tana jiran na biyar, kuma a lokacin tana cikin na gaba-gaba a teburi. A ido, wannan shi ne labarin Drexler: ɗan gida ya dawo tsakiyar kaka, cikin azumi, ga ƙungiya mai ƙamshin kofi.

Sai dai akwai bambanci, kuma a ganina shi ya yanke hukunci. Drexler ya zo Houston ne neman abin da Houston take nema, domin kofi shi ne kaɗai abin da ya rage masa. Ahmed Musa ya rabu da Al-Nassr tun Oktoban 2020, ya yi kusan wata shida ba shi da ƙungiya, ga wasannin share fagen gasar duniya na tafe, kuma kyaftin da ba ya wasa kujerarsa na rawa. Buƙatarsa ita ce ya dawo da ƙarfin jikinsa ya jira kira daga Turai, kuma bai ɓoye wa kowa haka ba. Wannan ba laifi ba ne, sana'a ce. Amma koci ba zai rushe tsarin da ya kai shi saman teburi ya sake gini a kan wanda zai iya tafiya gobe ba. Ga shi kuma makaminsa gudu ne a fili mai faɗi da santsi, irin wanda ba kasafai ake samu a gasarmu ba, inda mai masaukin baƙi kan tarar an jibge masa 'yan baya a gaban raga. Ko gidan ma ba gida ba ne. Filin Sani Abacha na Ƙofar Mata an mayar da shi wurin killace masu cutar korona a 2020, Pillars tana karɓar baƙi ne a filin Ahmadu Bello na Kaduna, nesa da taron da ke firgita abokan hamayya.

Bai kai wasa goma ba, a watan Yuli ya tafi Fatih Karagümrük ta Turkiyya. Akwa United ta ɗauki kofin, na farko a tarihinta. Shekara guda bayan haka, a 2022, Pillars ta faɗa rukuni na biyu, abin da ba a taɓa zato ba. Wannan faɗuwa ba a kansa take ba, yana Istanbul aka yi ta. Gasar ƙasa dai ta ci ribar zuwansa, domin mutanen da rabonsu da tambayar sakamakon wasan gida ya yi shekaru, har a gidajen kallo na Kankiya da ba a san komai ba sai Firimiyar Ingila, sun koma tambaya.

Zuwansa na uku ya fi kama da abin da dattijon Kusada yake nufi. A Oktoban 2024 ya dawo, ƙungiyar ta hauro daga rukuni na biyu tun 2023, ba ta cikin masu rigimar kofi, shi kuma ba ya leƙen ƙofa. Ya zo tare da Shehu Abdullahi, ɗan Sakkwato, wanda shi ma a Pillars ya yi suna kafin ya fita waje. Suka tarar da Rabi'u Ali, wanda ake kira Pele, ya haura shekara 40 yana riƙe da tsakiya, mutumin da ya san inda zai ajiye wa mai gudu ƙwallo. A wasansa na farko da Sunshine Stars, Ahmed Musa ya zura biyu. Ya zauna har kaka ta ƙare, ya bi ƙungiya wasannin waje, matasa suka samu wanda za su kalla a wurin atisaye. Kofin 2025 Remo Stars ta Ikenne ce ta ɗauka. A watan Yulin shekarar gwamnatin Kano ta naɗa shi babban manajan Kano Pillars, ya kuma ci gaba da buga wasa, wato daga lokacin shi ne zai zauna da koci a duba wane tsohon hannu za a ɗauko da kuma wanda zai koma benci dominsa.