Daga Kunkunniyar Kukui Zuwa Alƙalamin Posca: Tarihin Zane a Kan Allon Hawan Igiyar Ruwa

Duk wanda ya kifa allon hawan igiyar ruwa ya duba cikinsa, zai ga ɗan rubutu a jikin siririn katakon da ya ratsa tsakiyarsa: tsawo, faɗi, kauri, sai sa hannun wanda ya sassaƙa shi. Kusan kullum da fensir ake yin wannan rubutu. Masu sana'ar sun daɗe da sanin cewa da zarar an malala ƙaron rezin a kai, tawadar biro ko ta maka tana iya yin naso ta ɓata farin allon, shi kuwa baƙin fensir ko gezau. Adon waɗannan alluna, tun farkonsa, yana bin abin da rufin waje zai yarda da shi ne.

A tsibiran Hawai, inda wasan ya yi saiwa tun kafin zuwan Turawa, da zallan itace ake sassaƙa allo, irin su koa da wiliwili. Dogon allo mai suna olo na sarakuna ne, alaia kuwa na kowa da kowa. Idan an gama sassaƙa, sai a rina itacen da ruwan saiwar tsiron ti ko kunkunniyar ƙonannun 'ya'yan kukui, a bi shi da man kukui ana murzawa har ya yi sheƙi ya daina shan ruwa. Ko a zamanin Duke Kahanamoku, gwanin ninƙayan da ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1912, adon allo bai wuce sunan mai shi da wasu 'yan layuka ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kawo yadin zaren gilashi da rezin na poliyesta. Bob Simmons da tsararrakinsa a Kalifoniya suka soma lulluɓe katakon balsa da su, sannan a 1958 Hobie Alter da Gordon Clark suka gano yadda za a yi cikin allo da farin soson poliyuretan. Nan take masu zane suka samu farin fili mai tsawon ƙafa tara ko goma. Sai dai rezin ɗin yana ɗauke da sitayirin, sinadarin da ke narkar da tawadu da yawa tamkar yadda tina ke wanke fenti.

Mafita ta farko ita ce a zuba launin cikin rezin ɗin kansa. Allunan shekarun 1960 sun yi suna da wannan: ja ko shuɗi mai garai-garai wanda ake hango soson ta cikinsa, da siraran layuka da ake ja bayan an killace gefe da tef. Tambarin kamfani kuma a kan wata siririyar takarda ake buga shi, wadda kan ɓace da zarar rezin ya jiƙa ta, ta bar rubutun kamar yana yawo cikin gilashi.

Da shekarun 1970 suka kama, alluna sun riga sun gajarce, zane kuma ya haukace. A Honolulu, Gerry Lopez da Jack Shipley suka mayar da hoton walƙiya tambarin kamfaninsu na Lightning Bolt. A Sidni ta Ostireliya, Martin Worthington ya riƙa fesa faɗuwar rana da taguwar teku a kan allunan Hot Buttered na Terry Fitzgerald da ƙaramar bindigar fesa fenti.

Aikin fesa a kan soso ba ya son gaggawa. Mai zane yakan tsinka fentin akirilik, wanda da ruwa ake dama shi, har ya koma kamar madara, ya fesa shi sama-sama, ya jira ya bushe, ya sake bi. Idan fentin ya yi kauri, zai toshe ƙananan ramukan soson, rezin ya rasa wurin kamawa, wata rana yadin gilashin ya ɗago ya yi bororo. Idan akwai sauran danshi lokacin da aka rufe, sai fari-fari ya fito a kan launin, musamman ja da baƙi. Fentin mai kuwa ba ya ma shiga lissafi, don rezin ba ya zama a kan maiƙo.

A 1983 kamfanin Mitsubishi Pencil na Japan ya fito da alƙalamin Posca. Abin da ke cikinsa fentin ruwa ne mai garin launi, saɓanin yawancin maka da rininsu ke narke cikin sinadarin alkohol, ya koɗe a rana. Drew Brophy, ɗan jihar Karolina ta Kudu, shi ya fitar da shi fili a shekarun 1990, lokacin da yake zana ƙoƙon kai da harshen wuta da igiyoyin ruwa a kan allunan Lost na Matt Biolos a San Clemente. Hanyarsa ta sauƙaƙa wa kowa: a kankare kakin da ke kan allo, a goge shi da samfefa mai laushi, a zana, a gauraya launuka tun suna ɗanye, sannan a fesa rufin akirilik marar launi sau biyu ko uku.

Ranar 5 ga Disamba, 2005, Gordon Clark ya rufe masana'antarsa ta Clark Foam ba zato ba tsammani, alhali daga wurinsa mafi yawan soson allunan Amurka ke fitowa. Masu sassaƙa da dama suka koma ga soson polistarin, dangin wanda ake kunshe talabijin da shi a kwali. Wannan soso rezin na poliyesta cinye shi yake yi, dole sai da rezin na efoksi, kuma fentin gwangwani mai tina yana iya huda shi cikin 'yan daƙiƙu. Fentin ruwa ya ƙara samun kasuwa.

Shi ya sa a shagunan Kalifoniya da Hawai da Ostireliya ba a zubar da guntayen soson da suka rage wajen sassaƙa. Duk sabon alƙalami ko kwalbar fenti da ta shigo, sai an ja layi da ita a kan guntu, an shafa rezin ɗin da za a yi aikin da shi, an ajiye ya kwana. Da safe mai zane ya ɗaga guntun sama wajen haske, ya duba ko gefen layin ya bazu.