Ƙanƙarar da ke Malala a Ƙasar Yakutiya

A ƙasar Yakutiya ta gabashin Sibiriya akwai wata ƙanƙara wadda tun zamanin sarakunan Rasha take azabtar da fatake da masu ɗaukar wasiƙu, domin ruwan da ya rasa mafita a ƙarƙashin kogi, ko a gindin dutsen ƙanƙara, yakan fasa ya ɓullo cikin tsananin ɗari, ya malala, ya daskare, wani ya sake hawa kansa, har kaurinta ya zarce tsayin mutum. Doki na cikin tafiya sai ya burma ruwan da ke ɓoye ƙarƙashin ɓawon, kuma ƙafar da ta jiƙe a wannan hali, tsirarta sai ikon Allah.

Wani matafiyi, Ferdinand von Wrangel, ya bayyana siffar wannan ƙanƙara bayan tafiyarsa ta 1820 zuwa 1824, amma sai a ƙarshen shekarun 1920 wani masani, Petrov, ya nazarci hanyar Amur zuwa Yakutsk, ya ba da shawara mai hikima ƙwarai, cewa a kware ƙasa can nesa da hanya, sanyi ya ratsa ya toshe wa ruwan hanyarsa, ya ɓullo a inda ba zai cuci matafiya ba.