Tarihin Aikin Kula da Samarin da Ba Su Makaranta Ba Su Sana'a a Ƙasar Birtaniya

A kowace al'umma akan sami waɗansu yara da suka fita ƙuruciya amma ba su shiga sahun manya ba, watau masu shekara 14 zuwa 19, waɗanda makaranta ta sake su, sana'a kuwa ba ta karɓe su ba. Ƙasar Birtaniya ta yi shekara wajen 200 tana fama da sha'anin irin waɗannan samari da 'yan mata. Ta gwada dabaru iri iri, waɗansu na masu aikin sa kai, waɗansu na hukuma. Abin da tarihin ya nuna shi ne, yaron da ya fi bukatar taimako shi ne wanda ba ya zuwa inda a ke ba da taimakon. Ba a samunsa sai an bi shi inda ya ke, an kuma daɗe tare da shi.

Asalin al'amarin ya faro ne sa'ad da masana'antu suka yawaita, mutanen ƙauye suka yi ta kwarara cikin birane. 'Ya'yan talakawa suka cika lunguna, ba mai tsawata musu, ba mai koya musu kome. A garin Portsmouth, bakin teku, akwai wani mai gyaran takalma, gurgu, sunansa John Pounds. Tun wajen 1818 ya shiga tara yaran nan a 'yar rumfarsa yana koya musu karatu da lissafi da ɗinkin takalma, ba ya karɓar ko kwabo. An ce ba ya zama jiransu, sai ya gasa dankali ya sa a aljihu, ya bi tashar jiragen ruwa yana jawo su da shi. Ya rasu cikin 1839. Bayansa makarantun 'ya'yan matalauta, waɗanda a ke kira makarantun masu tsumma, suka yaɗu, har cikin 1844 aka kafa musu ƙungiya a Landan, Lord Ashley ya zama shugabanta.

A cikin wannan shekara ta 1844 kuma George Williams, yaron wani kantin tufafi, ya kafa YMCA a Landan domin samari ma'aikatan kantuna. Cikin 1883 William Alexander Smith ya kafa Boys' Brigade, watau rundunar yara maza, a Gilasgo ta ƙasar Sikotlan, yana haɗa karatun addini da fareti irin na soja. Sa'an nan Baden-Powell ya yi zangonsa na farko a tsibirin Brownsea cikin 1907, daga nan 'yan Sikawut suka samo asali, har abin ya iso Nijeriya cikin 1915. Waɗannan ƙungiyoyi sun yi amfani ƙwarai, amma fa akwai inda suka gaza. Shiga cikinsu sai da kayan sarki, da 'yan kuɗin mako, da zuwa kan lokaci. Yaron da ke iya cika waɗannan sharuɗɗa, galibi akwai mai kula da shi a gida ke nan. Wanda ba shi da kowa kuwa, sai ya tsaya bakin ƙofa yana leƙe.

Dokar ilmi ma ta bar wani giɓi. Cikin 1880 aka wajabta wa yaran Ingila zuwa makaranta har su kai shekara 10, dokar 1918 ta kai abin zuwa 14. To, yaro ya fita yana ɗan shekara 14, sai ya sami aikin aike, ko rakiyar keken kaya, ko sai da jarida. Irin wannan aiki ba ya koya wa mutum sana'a. Da yaro ya kai 17 ko 18 ya nemi albashin manya, sai maigida ya sallame shi, ya ɗauki ƙaninsa. Sabo da haka masu lura da al'amura a farkon ƙarni na 20 suka riƙa kwatanta aikin da lungu marar ɓullewa.

Hukuma ba ta sa hannu sosai ba sai da yaƙi ya zo. Cikin Nuwamba 1939 Hukumar Ilmi ta aika wa majalisun gundumomi takarda mai lamba 1486, ta umurce su su kafa kwamitocin samari, su haɗa kai da ƙungiyoyin sa kai. Dokar ilmi ta 1944 ta ƙarfafa wannan, kuma daga 1947 shekarun barin makaranta suka koma 15. Amma da yaƙi ya ƙare sai kuɗi suka yi ƙaranci, aikin ya yi sanyi. Ana nan sai hankalin manya ya tashi, don yaran da aka haifa da yawa bayan yaƙi sun kusa zama samari, ga kuma hukuma tana shirin daina ɗaukar samari aikin soja na tilas. Aka naɗa kwamiti cikin 1958 a ƙarƙashin Lady Albemarle, ya fid da rahotonsa cikin 1960. Rahoton ya nuna aikin bai kai ga fiye da saurayi ɗaya cikin uku ba. Ya ba da shawara a gina gidajen samari, a kuma ƙara yawan cikakkun ma'aikata daga 700 zuwa 1,300. Aka buɗe kwalejin horar da su a Leicester cikin 1961, gine-gine kuwa suka tashi ko'ina.

Gini ya samu, amma biyu ɗin nan cikin uku suna nan a waje. Wannan ya sa aka gwada wata hanya dabam. Daga 1960 zuwa 1963 ƙungiyar gidajen samari ta ƙasa ta aika waɗansu ma'aikata ƙalilan, su ma samari ne, zuwa garuruwa dabam dabam. Ba a ba su ofis ba, ba su kuma bayyana aikinsu ba. Suka zauna cikin unguwa, suna zuwa shagunan shan gahawa da wuraren rawa, har yaran suka saba da su. Mary Morse ta rubuta labarin wannan gwaji cikin 1965. A Landan kuma George Goetschius da Joan Tash sun bi wani aiki na ƙungiyar YWCA wanda ya fara da 'yar rumfar gahawa a bakin titi, suka buga sakamakonsa cikin 1967. Darasin duka biyu ɗaya ne. Ma'aikaci ya kan yi watanni ba abin da ya ke yi sai gaisuwa da sauraro. Sai ran da yaro ya shiga uku, ko 'yan sanda sun kama shi, ko an kore shi daga gida, sa'an nan ya nemi wannan babban da ya saba gani. Daga nan ne a ke samun ƙofar yi masa zancen aiki ko komawa karatu. Wannan hanya ba ta da sauri, kuma wuyar ƙidayawa gare ta, amma ita ce ta kai ga waɗanda gini bai kai gare su ba.

Har zuwa wannan lokaci aikin yi bai yi wuya ba. Cikin 1972 aka ɗaga shekarun barin makaranta zuwa 16, ba a daɗe ba kuwa masana'antu suka fara rufewa. Cikin 1982 marasa aiki a ƙasar suka haura miliyan 3. Gwamnati ta kafa shirin horar da samari cikin 1983, sa'an nan cikin 1988 ta janye kuɗin tallafi daga yawancin masu shekara 16 da 17, bisa zaton kowa zai shiga horo. Waɗansu suka ƙi shiga, waɗansu suka shiga suka fita. Da ya ke ba su karɓar tallafi, sai sunayensu suka ɓace daga littattafan hukuma. Wani bincike da aka yi a South Glamorgan ta ƙasar Wales cikin 1994 shi ya tono su, ya kira su masu matsayin sifiri. Aka ga sunan ya yi muni, sai rahoton gwamnati na 1999 ya yaɗa wani sabo, NEET, haruffan farko na kalmomin Turanci masu nufin ba makaranta, ba aiki, ba horo. Rahoton ya ƙiyasta kusan ɗaya cikin goma na masu shekara 16 zuwa 18 suna cikin wannan hali.

Daga wannan rahoto aka kafa hukumar Connexions a Ingila cikin 2001, domin masu shekara 13 zuwa 19, kowane yaro da mai ba shi shawara. Cikin 2004 kuma aka fara biyan 'ya'yan marasa ƙarfi har fam 30 a mako in sun ci gaba da karatu. Niyyar kyakkyawa ce, amma awon nasarar ma'aikaci ya koma yawan sunayen da ya fitar daga jerin. Wanda a ke aunawa da ƙidaya kuwa, dole ya fara da mai sauƙi. Yaron da ke bukatar shekara biyu kafin ya amince da mutum, shi a kan bari a baya. Kalmar NEET ma ta haɗa waɗanda ba su da haɗi: yarinya mai goyo, da mai jinyar uwarsa, da wanda ya fito gidan horo, da ɗan mai hali da ke hutu kafin jami'a.

Bayan 2010 gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Aka daina biyan kuɗin makon nan a Ingila cikin 2011, Connexions ta watse a matsayin hukumar ƙasa, gidajen samari da dama suka rufe. Ƙungiyar YMCA ta lissafa cikin 2020 cewa abin da majalisun gundumomi ke kashewa kan aikin samari ya ragu da wajen kashi 70 cikin 100 a ƙasa da shekara 10. A tsakanin nan doka ta wajabta wa yaran Ingila zama cikin karatu ko horo har shekara 17 daga 2013, har 18 daga 2015. Doka ta ce yaro ya zauna a aji, amma an rage masu fita nemansa in ya ƙi.

In an duba tarihin daga farko, za a ga kowane zamani ya zo da abin da ya dogara gare shi: kayan sarki, ko gini, ko jerin sunaye, ko doka. Kowanne ya taimaki yaran da ke kusa da ƙofa. Na nesa kuwa ba abin da ya taɓa kai wa gare su sai babban mutum mai haƙuri wanda suka sani suka yarda da shi, kuma yarda ba ta ginuwa cikin shekara guda ta kasafin kuɗi. Ran da aka sallami ma'aikacin unguwa, sabon da ya yi shekaru yana ginawa ya tafi tare da shi, ko an dawo da kuɗin daga baya sai an koma farko.

A nan akwai abin lura ga masu horar da malamai. Yaro ba ya barin makaranta rana ɗaya. Ya kan fara da makara, sa'an nan fashin kwana ɗaya, sa'an nan na mako, kuma malamin aji shi ne farkon mai ganin wannan cikin rajista. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Malamin da aka koya wa ya bi sawun yaro tun fashin farko, ya je gidansu ya ji dalili, ya rage wa al'umma aikin da in an bari sai an yi shekaru a bakin titi kafin a gyara.