Kibiya da Kwarashi: Tarihin Shigowar Saƙar Ulu da Kalmominta a Suleja

1.0 Gabatarwa

Wanda ya shiga kasuwar Suleja a yau ya nemi a nuna masa inda ake sayar da kayan saƙa, za a kai shi rumfar masu zaren ulu, inda zai tarar da kibiya da kwarashi. Da a ce shekara ɗari da suka wuce ya yi wannan tambaya a wannan gari, wanda a lokacin ake kira Abuja, da wurin masu ƙoshiya da akwasha za a kai shi. Kalmar ba ta sake ba, amma abin da take nufi a bakin mafi yawan matan birni ya sake. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wannan sauyi: inda kibiya da kwarashi suka samo asali, hanyoyin da suka biyo, yadda masu sana'ar ke zaɓen wanda ya dace da aikinsu, da kuma irin karɓar da harshen Hausa ya yi musu.

2.0 Abuja da Tsohuwar Saƙa

A farkon ƙarni na 19 masu jihadi suka fitar da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya, ya yi kudu da jama'arsa zuwa ƙasar Koro da Gbagyi. Bayan rasuwarsa a 1825 ƙanensa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa garin Abuja a 1828. Zage-zagin da suka biyo su sun zo da sana'o'insu, kuma garin ya yi suna wajen saƙar tufafin auduga da rinin baba da saƙar tabarmi.

Saƙar tufafi iri biyu ce. Ta maza ita ce mai fitar da ƙyalle siriri mai tsawo, wadda ake yi da ƙoshiya da kwarkwaro da matsefi, a ɗaure ƙarshen zaren a jikin kunkuru. Ta mata kuwa a tsaye ake kafa ta cikin gida, tana fitar da zane mai faɗi kamar gwado da majanyi, ana danne zaren da akwasha. Kafin zare ya kai ga masaƙa sai ya bi ta hannun mata, su yi gurza, su yi shiɓa, su yi kaɗi da mazari. Abin lura a nan shi ne, dukkan waɗannan kayan aiki a gari ake yin su. Masassaƙi da maƙeri sun san mai saƙa, ita ma ta san su, kuma da ido da hannu ake auna komai. Har ila yau, dukkan nau'o'in biyu aiki ne na sarƙa zaren tsaye da na kwance. Saƙar da ake yi da zare guda ɗaya, ana cusa hanju cikin hanju, wata dabara ce dabam wadda ta zo daga waje.

3.0 Asalin Kibiya da Kwarashi

Mafi daɗewar kayan saƙar kibiya da suka wanzu a duniya a Masar aka samo su, watau safunan auduga masu ado fari da shuɗi, waɗanda aka yi tsakanin ƙarni na 11 da na 13. Daga ƙasashen Musulmi dabarar ta ƙetara zuwa Andalus, sa'an nan ta bazu cikin Turai. A 1589 wani Baturen Ingila, William Lee, ya ƙera na'urar farko mai saƙa safa.

Akwai wani abin sha'awa game da ƙasar Hausa. Jar dara, wadda fatake suka riƙa kawowa ta hamada, da kibiya ake fara saƙa ta a Tunis, inda Musulmin Andalus da aka kora daga Sifaniya tun daga 1609 suka bunƙasa sana'ar. Bayan an saƙa ta da zaren gashin tumaki sai a jiƙa ta a buga har ta cure, a rina ta ja. Wannan curewa ita ke ɓoye idon saƙar. Saboda haka sarakuna da dogarai sun daɗe suna sanya abin da aka saƙa da kibiya, alhali kibiyar kanta ba ta iso gare su ba.

Kwarashi ƙane ne na baya-bayan nan. A ƙarni na 19 ya bayyana sosai a Turai, kuma a 1823 wata mujallar mata ta ƙasar Holan mai suna Penélopé ta buga bayanin yadda ake aiki da shi. Lokacin yunwar da ta auka wa ƙasar Ayalan daga 1845, an koya wa matan talakawa saƙar leshi da kwarashi domin su sayar su ci abinci. Tun daga can ya zama sana'ar mace mai ƙaramin jari.

4.0 Hanyoyin Shigowa

Turawa sun ci Abuja a 1902. Ta ƙofa uku sabuwar saƙar ta shiga gidajen Arewa. Ta farko ita ce matan mishan, waɗanda suka fi samun shiga a garuruwan da ba na Musulmi ba, kamar na Gbagyi, suna haɗa karatu da aikin allura. Ta biyu makarantun 'yan mata na gwamnati da na En'e: an buɗe na Kano da Katsina a 1930, aka buɗe cibiyar horar da malamai mata a Sakkwato a 1939, kuma ɗinki da saƙa da girki da renon yara su ne ƙashin bayan manhajarsu. Ta uku matan ma'aikata 'yan kudu da ke zaune a sabon gari da barikoki, waɗanda suka riga suka koya a makarantun ƙasarsu.

Yana da kyau a kwatanta wannan da abin da ya sami ginin tukwane a wannan gari. A farkon shekarun 1950 gwamnati ta kawo Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja, Ladi Kwali ta shiga a 1954, har hotonta ya kai ga hawa takardar naira 20. Ginin tukwane ya sami cibiya da malami da suna. Saƙar ulu kuwa daga aji ta fita ta bi tsakar gida, ya tana koya wa ƙanwa, maƙwabciya tana koya wa amarya. Yarinya takan fara da tsinken tsintsiya guda biyu, in hannunta ya faɗa ta sami wayar ƙafar keke ko ƙarfen tsohuwar lema a goge mata bakin.

A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta zaɓi wurin sabon babban birnin tarayya, aka ba shi sunan Abuja, tsohon garin ya koma Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Ma'aikata da 'yan kasuwa daga ko'ina a Nijeriya suka kwararo garin, musamman bayan gwamnati ta tare a sabon birnin a 1991. A wannan tsakani ne kuma shirin kyautata rayuwar matan karkara na 1987 da na tallafa wa iyali na 1994 suka yawaita cibiyoyin koyar da mata sana'a a ƙananan hukumomin ƙasar nan, saƙa tana cikin abin da ake koyarwa.

5.0 Zaɓen Kayan Aiki

Ƙa'idar farko ita ce kaurin kibiya ko kwarashi ya dace da kaurin zare. In ƙarfen ya fi ƙarfin zaren, saƙa takan fito sako-sako, ta saki bayan wanki. In kuma zaren ya fi ƙarfinsa, sai ta ƙage ta yi tauri, ta ci zare, ta gajiyar da yatsu. Hannu ma yana da nasa rabo, domin mai matse zare tana bukatar ƙarfe mai ɗan kauri fiye da mai sakin hannu. Shi ya sa gwanaye kan saƙa ɗan guntu su gwada kafin su fara aiki.

Ƙa'ida ta biyu ita ce irin aikin. Kibiya biyu ake haɗawa, kuma duk idanun layi guda suna rataye a jikinta a lokaci ɗaya. Saƙarta tana da laushi, tana miƙewa ta koma, don haka ta dace da rigar sanyi da safa. Safa da hula marasa ɗinki sukan bukaci gajerun kibiyoyi huɗu ko biyar masu tsini a baki biyu. Aibinta shi ne in ido ɗaya ya suɓuce, sai ya yi ta warwarewa zuwa ƙasa. Kwarashi kuwa guda ɗaya ne, mai ƙugiya a baki, kuma galibi ido ɗaya tak yake riƙewa. Saƙarsa ta fi kauri, ta fi cin zare, ba ta miƙewa sosai, amma tana saurin tafiya, kuma ana iya ajiye ta a kowane lokaci. Ga matar da yaro zai kira, tukunya na bisa murhu, wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce. Siririn kwarashi na ƙarfe shi ake yi wa zaren auduga na leshi da mayafin tebur da na kujera. Na alminiyam da na roba su ne na ulu, kuma sun fi jure wa laimar damina, wadda ke sa na ƙarfe tsatsa ya ɓata farin zare.

Inda rikici yake shi ne lamba. Ba kamar akwasha ba, waɗannan kaya daga masana'antun ƙetare suke zuwa da lamba a jikinsu, kuma tsarin lambar uku ne. A tsohon tsarin Ingila, wanda makarantun zamanin Turawa suka koyar, lamba tana hawa kibiya tana sirancewa: lamba 14 milimita 2 ce, lamba 8 milimita 4. A tsarin Amurka akasin haka ne, lamba 8 milimita 5 ce. Tsarin awo na milimita, wanda ya fi yawa a kayan da ake shigowa da su yanzu, kaurin ƙarfen kai tsaye yake faɗa. Ke nan in tsohuwa ta aiki jikarta kasuwa ta ce a sayo mata lamba 8, ana iya kawo mata kibiya mai kauri ninki biyu na wadda take nufi. Wannan ya sa mata da yawa suka koma wa tsohuwar hanya, su tafi da guntun zare ko tsohuwar kibiya su gwada da ido.

Bambancin kayan biyu shi ya yanke wa kowanne makomarsa. Na'ura tana iya yin mafi yawan abin da kibiya ke yi, da sauri kuma da araha. Da keken saƙa ya yawaita, gwanjo kuma ya cika kasuwa da rigunan sanyi, sai kasuwar kibiya ta ja baya. Daɗin daɗawa, hunturun Suleja bai kai na Kano ko Jos tsanani ba, ballantana manya su matsa wa rigar ulu. Saƙar kwarashi kuwa har yanzu aikin hannu ce, domin na'ura kwaikwayonta kawai take yi. Saboda haka ya riƙe wurinsa a kayan jarirai da ake kai wa mai jego ranar suna, da kayan adon ɗakin amarya, da jakunkuna da huluna.

6.0 Yadda Hausa ta Karɓi Baƙin

Hausa ta bi hanya uku. Ta farko faɗaɗa ma'ana. Aikatau saƙa, wanda dama ya haɗa tufafi da tabarma da raga, ya buɗe ya karɓi sabon aikin, aka riƙa bambantawa da ɗafa sunan kayan aiki: saƙar kibiya, saƙar kwarashi, saƙar keke. Haka kalmar kibiya. Daga makamin maharbi ta zama sunan tsinken da makitsiya ke tsaga gashi da shi, kuma daga hannun makitsiya ta wuce zuwa na mai saƙa, domin kamanninsu ɗaya ne kuma duka kayan mata ne. Wasu kan ce tsinke, wasu allurar saƙa, ko da yake wannan na ƙarshe bai zauna daidai ba tunda allurar Bahaushe da kafa aka san ta.

Ta biyu aro. Ƙarfe mai ƙugiya ba shi da ɗan'uwa a kayan saƙar gargajiya, sai aka aro sunansa. Asalin kalmar Faransanci ce, crochet, ma'anarta ƙaramar ƙugiya, ta iso ta bakin Ingilishi. Hausa ba ta fara gaɓa da baƙi biyu a jere, don haka aka raba k da r da wasali, kamar yadda aka yi a burodi da direba. Zagayen leɓe na wasalin o kuma ya koma kan k ya ba da kw, irin abin da ake gani a kwaleji da kwamiti da kwabo. Ulu da suwaita da shawul su ma ta aro suka shigo. Ulu ta ƙara yin wata tafiya, domin tun da zaren roba na akirilik ya fito kasuwannin duniya a shekarun 1950 ya mamaye sana'ar, abin da ake kira ulu a rumfa galibi ba shi da haɗi da tunkiya.

Ta uku ita ce barin kalma yadda ta zo. Sunayen salon idon saƙa, musamman a bakin matasan da ke koyo ta wayar hannu, da Ingilishi ake furta su a tsakiyar jimlar Hausa, ba su sami daidaitacciyar siga ba.

Ana iya lura kuma cewa karin magana da salon zance har yanzu na tsohuwar masaƙa ne. Bahaushe yana cewa an yi wa wane saƙa da mugun zare, ko wane ya kwana yana saƙa da warwara, ko ya shiga saƙar zuci. Yaron da ya tashi a Suleja a yau yana jin waɗannan, amma hoton da ke zuwa masa na ƙwallon ulu ne.

7.0 Kammalawa

Tarihin kibiya da kwarashi a Suleja ya nuna cewa mata sun zaɓi kayan aiki gwargwadon zarensu da lokacinsu da kasuwarsu, harshe kuma ya ba abin da ya yi kama da nasa sunan gida, ya aro wa wanda bai da kama. Aikin da ya rage na masana harshe ne, kuma kashi biyu ne. Na farko, tattara kalmomin tsohuwar saƙa daga bakin tsofaffin da suka riƙe akwasha da mazari, tare da kwatanta su da na Gbagyi da Koro da Nupe da ke maƙwabtaka, tun masu su suna raye. Na biyu, sauraron sunayen da masu kwarashi ke ba salon saƙarsu a cibiyoyin mata da rumfunan kasuwa, domin duk ƙamus ko littafin koyar da sana'a da za a rubuta da Hausa daga bakinsu ya kamata ya ɗauko kalmominsa.